Ƙuri'a Ta Fi Alfarma

Duk wanda ya tashi daga tashar motar Utako da sassafe cikin watannin hunturu, ya miƙa wajen Jabi, ba zai yi nisa ba zai iske tafkin nan da aka datse a farkon shekarun 1980 domin shayar da sabon birnin Abuja, tun ba a gama madatsar ruwa ta Usuma ba. A irin wannan lokaci hazo kan kwanta bisa ruwan, balbela da zalɓe suna kiwo a gefe, masunta kuma suna duba komarsu cikin kwalekwale. Gari ya riga ya kewaye tafkin, saboda haka babu maganar farauta a nan. Amma akwai wata tambaya da ta shafi bakin wannan ruwa, ta shafi kasuwar Utako da ke kusa da shi, ta kuma shafi kowane yanki na ƙasar jama'a: idan wurin ɗaya ne, masu sonsa kuwa ɗari, wa za a ba, kuma ta wace hanya?

Hanyoyin da 'yan Adam suka sani ba su wuce huɗu ba. Akwai rigegeniya, inda mai ƙarfi ko mai sammako ke kamawa. Akwai gwanjo, inda wanda ya fi kuɗi ke ɗauka. Akwai alfarma, inda wanda ya san wani ke samu. Sa'an nan akwai ƙuri'a. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa waɗanda suka fi kowa tsara wannan hanya ta huɗu a zamanin nan su ne maharban agwagwar ruwa na ƙasar Amurka, kuma labarinsu ya cancanci a saurara.

BUKKAR DAKO

Maharbin ƙasar Hausa ya san dako, ya san sanɗa. Shi ne ke ɗaura kan burtu a goshi, ya rarrafa cikin ciyawa har ya kusanci abin da yake nema. Maharbin Amurka shi kuwa ba ya bin agwagwa, jiranta yake yi. Yakan kafa 'yar bukka ta katako a cikin fadama ko a bakin kogi, ya lulluɓe ta da ciyawa da rassan itace, ya watsa agwagin roba a kan ruwa, ya shiga ciki tun da asuba yana busa wani ɗan bututu mai kwaikwayon kukan agwagwa. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Kanada zuwa kudu in sanyi ya kama sukan hango 'yan'uwansu na ƙarya su sauko.

To, ba kowace bukka ke ci ba. Agwagwa tana da hanyarta a sama kamar yadda shanu ke da burtali a ƙasa. Wata bukkar tana kan hanya, mai ita ya cika jaka kafin hantsi, wata kuwa mai ita ya wuni yana kallon sararin sama. Kuma ba shi yiwuwa a jera bukkokin kusa da juna, domin harbin wani zai kori rabon wani, ko ma ya sami mutum. Saboda haka a fadamar da gwamnati ke riƙe da ita, wuraren kafa bukka ƙidayayyu ne, kowane da lambarsa, masu nema kuwa sun ninka su.

Ga yadda Jihar Illinois ta daɗe tana yi a fadamunta na kogin Illinois da na Mississippi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar takan sanar da rana da wuri, yawanci wajen ƙarshen watan Yuli. Mai nema ya zo da kansa, ya zamana ya kai shekara 16, ya nuna lasin ɗin farauta da shaidar biyan kuɗin harbin tsuntsayen ruwa. A rubuta sunaye, a zaro su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Wanda ya ci ya sami wurin na shekara ɗaya, a wasu wuraren biyu ko uku. Amma da sharaɗi. Dole ya gina bukkar da kuɗinsa bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, kafin ranar da aka yanke. Ma'aikata za su zo su duba, in ta kāsa kuma bai gyara ba, wurin ya fita hannunsa. Daɗin daɗawa, ko a tsakiyar lokacin farauta, ranar da mai bukka bai iso ba kafin sa'ar da aka ƙayyade da asuba, wani maharbin yana da ikon shiga ya yi harbinsa a wannan rana. Watau abin da mutum ya ci shi ne izinin amfani na ɗan lokaci. Ƙasar tana nan ta jama'a.

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwar nama sun yi wa tsuntsayen Amurka kisan kiyashi da manyan bindigogi da ake ɗaurawa a kan jirgin ruwa, harbi ɗaya ya zubar da gomiya. Da abin ya yi tsanani aka ƙulla yarjejeniya da Ingila a madadin Kanada a 1916, aka kuma kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918. A watan Maris na 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane maharbin agwagwa mai shekara 16 ko fiye sayen wani kan sarki na musamman kowace shekara. Da farko dala 1 ne, a 2015 ya koma dala 25, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin ana sayen fadamu da shi ne ko kama hayarsu domin tsuntsaye. An tara fiye da dala biliyan 1 ta wannan hanya, an kuma killace wajen eka miliyan 6. A 1935 aka hana yaudarar tsuntsu da agwagwa mai rai, aka kuma hana bindiga ɗaukar harsashi fiye da uku. A 1991 aka hana harsashin dalma a harbin tsuntsayen ruwa a duk faɗin ƙasar. Da yake kuɗin maharbi talaka da na maharbi attajiri ne suka sayi fadamar, babu hujjar da za a ba ɗaya a hana ɗaya, sai dai a jefa ƙuri'a.

Kada a ɗauka can ɗin babu 'yan dabara. A Jihar Tennessee an daɗe ana taruwa ranar Asabar ta farko a watan Agusta ana zaro sunaye da hannu, wanda ya ci ya riƙe bukka har ƙarshen lokacin farauta. Sai koke ya yi yawa cewa waɗansu kan kwaso dangi da abokai waɗanda ba ruwansu da farauta su rubuta suna, in an ci a sayar wa mai kuɗi a ɓoye, alhali doka ta hana. A 2020, saboda annobar korona, aka mai da ƙuri'ar cikin kwamfuta. A 2021 kuma hukumar jihar ta sake tsari, ta bar waɗansu bukkoki na dukan lokacin, ta yanyanka waɗansu zuwa 'yan kwanaki kaɗan-kaɗan domin mutane da yawa su ɗanɗana. An yi ta gardama a kai, har tsofaffin maharba suna cewa an kashe musu ranar haɗuwa da zumunci. Amma gardamar duk a kan yadda za a gyara ƙuri'ar ce ta tsaya.

BA BAƘUWA BA CE

Mai karatu zai iya cewa wannan al'adar Nasara ce. Alhali kuwa Musulmi sun san ta tun ƙarnoni da suka wuce. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 44 ta suratu Ali Imrana, ya ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma domin a san wanda zai riƙi Nana Maryamu, riƙon ya faɗa hannun Annabi Zakariyya (A.S.). A aya ta 141 ta suratus Saffati an ambaci ƙuri'ar da aka yi a jirgin Annabi Yunusa (A.S.). Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, ya kuma nuna cewa da mutane sun san falalar kiran salla da sahun farko, da sun nema ko da ta hanyar ƙuri'a ce. Malaman Malikiyya sun buɗe wa rabon ƙuri'a babi, kuma duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san sharaɗin da aka gindaya, cewa ba a yin irin wannan rabo sai a kan abu mai jinsi ɗaya. Har wa yau ƙasashe irin su Masar da Indiya sun daɗe suna raba kujerun aikin Hajji ta ƙuri'a in masu nema sun fi kujeru yawa.

A ƙauyukan ƙasar Hausa ma haka abin yake. In an yanka sa na watanda aka kasa nama, ko an auna gonar gado aka fid da kashi-kashi, akan ce kowa ya kawo alamarsa, wannan tsinke, wancan tsakuwa, a kira yaron da bai san komai ba ya ɗora kowace alama a kan kashi. Inda alamar mutum ta faɗa nan ne rabonsa, kuma ba a taɓa jin an kai yaron ƙara ba. Hikimar ita ce mai rabo ba ya sanin kashin da zai faɗo masa, saboda haka tilas ya daidaita kashin tun farko.

Bambancin ƙuri'a da caca a fili yake. A caca kowa zuba kuɗinsa yake yi, ɗaya ya kwashe na saura. A ƙuri'a kuwa kowa yana da hakki daidai da na ɗan'uwansa tun kafin a fara, abin ne bai isa ba, sai a nemi hanyar fid da ɗaya ba tare da son rai ba.

FADAMAR HAƊEJIYA

Nijeriya tana da nata agwagin, tana kuma da nata fadamu. Inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suka bazu tsakanin jihohin Jigawa da Yobe kafin su zama Komadugu Yobe, nan ne fadamar Haɗejiya da Nguru. Ban da kirinjijiya da ɗinya da ɗani na gida, kowace shekara da kaka dubban agwagi kan taso daga Turai da yammacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan. Saboda su ne aka killace tafkin Dagona a ƙasar Bade, wanda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarta a 1989, aka kuma sa shi cikin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Cadi a 1991. A shekara ta 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma Dagona da Baturiya suka bi sahu.

Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wurin ya ƙuntata, masu nema sun ƙaru: manomin shinkafa, mai lambun rani, masunci, makiyayi, da maharbi. Tun 1963 Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji mai maganar lasin da dabbobin da aka hana taɓawa, sai dai doka a takarda ba ta raba faɗa a bakin ruwa. Inda bulama ko sarkin ruwa yake mai gaskiya, ana zaune lafiya. Inda ya karkata, sai a wayi gari mashigin da ya fi kifi ya zama na mutum ɗaya shekara da shekaru. Da hukumomin jihohin nan za su ƙidaya wuraren da aka halatta su da harbi a wajen gandun da aka killace, su ba kowane lamba, su jefa ƙuri'a a ƙofar fadar hakimi kowace shekara a gaban masu unguwanni, da an rage ƙorafi, an kuma san adadin masu shiga ruwa da abin da suke fitarwa. Mutanen Kabi sun nuna cewa ana iya tsare ruwa, domin Matan Fada a Argungu a rufe yake duk shekara sai ranar da aka ba da izini, kowa ya faɗa a lokaci ɗaya.

KOMAWA UTAKO

A Abuja maganar ta fi ko'ina nauyi. Dokar soja mai lamba 6 ta watan Fabrairu 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa, ta danƙa dukan ƙasar Babban Birnin Tarayya, wajen murabba'in kilomita 8,000, a hannun Gwamnatin Tarayya, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da haka. Ma'anar wannan ita ce kowane fili a Utako, da kowace rumfa da hukuma ta gina, da kowane taku na bakin tafkin Jabi, amana ce ta mutumin Argungu da na Kalaba baki ɗaya. An ce Abuja ta kowa ce. Hanyar rabo ce kaɗai za ta gaskata wannan magana ko ta ƙaryata ta.

Ƙasar nan ta taɓa gwada ƙuri'a a babban al'amari. Bayan bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, Gwamnatin Tarayya ta raba gidajen unguwar Festac, kimanin 5,000, ta hanyar ƙuri'a, aka kuma hana waɗanda suka ci sayarwa ko ba da haya. Ƙananan ma'aikata da yawa da ba su san kowa ba sun kwana a gidan kansu ta wannan hanya. Daga baya sharaɗin ya yi sako-sako, gidaje suka yi ta sauya hannu, watau irin ciwon nan na Tennessee. An kuma gwada gwanjo, lokacin da aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja tsakanin 2005 da 2007, inda aka ba ma'aikatan da ke ciki damar farko, saura kuwa aka sa su a kasuwa. Gwanjo yana kawo wa baitulmali kuɗi, kuma a fili ake yinsa, amma mai sayar da tumatir ba ya kusantarsa.

Shi ne kuwa wanda maganar ta fi shafa. A ɗauki ɗan tireda wanda ya shekara 15 yana kasa kaya a bakin wata kasuwa, rana ta duke shi, ruwa ya duke shi. Ran nan a ce za a gina sababbin rumfuna, a sayar da takardun nema, ya ciri kuɗi daga jarinsa ya saya. Shiru, shiru, sai ya ga an buɗe rumfuna, ya tambaya a ce an gama rabo. Bayan wata guda dillali ya zo masa da tayin hayar rumfar da ya nema, daga hannun wani wanda bai taɓa sayar da ko allura ba, a kan kuɗin da ya ninka na hukuma. Babu garin da ba a san wannan labari ba a Nijeriya. Asarar ba ta tsaya kan ɗan tireda ba, domin kuɗin hayar nan a kan mudun shinkafa da kwalbar mai zai fanshe shi, mai cefane ne zai biya. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗansa da ke kallo ya tashi da imanin cewa a ƙasar nan ba a samun komai sai da hanya.

SHARUƊƊA

Ƙuri'a ba tsafi ba ce, tana da sharuɗɗan da in babu su ta zama wasan yara. Na farko, a fid da masu hakki tukuna. Gbagyin da aka tarar a ƙauyen Utako da Jabi kafin zuwan birni, da ɗan kasuwar da aka rushe rumfarsa domin a yi sabon gini, da masuncin Bade da ya gaji mashigi daga kakanninsa, ba a haɗa su layi ɗaya da baƙon da ya zo jiya. A sallame su, abin da ya rage shi ne na ƙuri'a. Na biyu, a kasa abin jinsi-jinsi kamar yadda malamai suka ce, rumfunan bakin ƙofa daban, na lungu daban, kowane da kuɗinsa. Na uku, a bayyana adadin rumfuna ko filaye da lambobinsu, a lilliƙa sunayen masu nema a bango kafin ranar, domin wanda ya ɓoye rabin kaya ya jefa ƙuri'a a kan rabi bai yi komai ba sai wanke alfarma. Na huɗu, mutum ɗaya suna ɗaya, kuma yanzu da akwai lambar shaidar ɗan ƙasa wannan ba shi da wuya. Na biyar, kuɗin takardar nema ya zama kaɗan, gwargwadon ɗawainiyar aikin. Hukumar da ta sayar da takarda dubu goma da tsada a kan rumfa ɗari, caca ta buɗe, ko da wane suna ta kira ta. Na shida, a yi abin a bainar jama'a, ko da hannu ko da kwamfuta, a gaban shugabannin 'yan kasuwa da malamai da 'yan jarida. Na bakwai, wanda ya ci ya zauna a ciki da kansa, in ya rufe ko ya sayar a karɓe a ba na bayansa, kamar yadda ake yi wa bukkar da mai ita ya makara. Wanda kuma ya sha faɗuwa, ana iya ƙara masa dama a zagaye na gaba, yadda waɗansu jihohin Amurka ke ba maharbi maki duk shekarar da bai dace ba.

Akwai masu cewa ƙuri'a makauniya ce, ba ta san mai himma da malalaci ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ɗaukar likita ko alƙali da ita, kuma shi ya sa ake tantance masu nema kafin a zuba sunaye. Amma in an tantance mutum ɗari duk sun cancanta, rumfa kuwa goma ce, makantar nan ita ce amfaninta, domin ba ta ganin babbar riga, ba ta karanta 'yar wasiƙar da aka rubuto daga sama. Ta kuma zama garkuwa ga ma'aikacin kirki, wanda dangi da abokai da manya suke dama wa lissafi, ya sami abin da zai ce musu: sai a zo ranar ƙuri'a.

Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mutumin da ya ga an zaro sunan maƙwabcinsa a gabansa yakan ce Allah bai nufa ba, ya yi masa barka, ya koma gida ya jira baɗi. Wanda aka raba a bayan idonsa kuwa ba ya mantawa, kuma ba ya yafewa. Hukumar Babban Birnin Tarayya da majalisun yankunanta shida suna da kasuwanni da tashoshi da gidaje masu sauƙin kuɗi da za su ci gaba da rabawa, kuma babu dokar da ta hana su fara gwada wannan hanya a rabo na gaba, ko da a layin rumfuna ɗaya ne. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya ba talakawa haƙƙinsu, amin.